Shikago, 1920 zuwa 1933: Yadda Dokar Hana Giya ta Gina Daular Al Capone

Ranar 17 ga Janairu, 1920, dokar hana giya ta soma aiki a duk faɗin Amurka. A wannan rana ce kuma wani saurayi ɗan unguwar Brooklyn ta birnin New York ya cika shekara 21 da haihuwa. Ubansa mai aski ne da ya yi ƙaura daga kudancin Italiya. Shi kuwa yaron tun yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya faɗa daba, ya zama mai tsaron ƙofar mashaya, har ya kwashi tabon wuƙa uku a kuncinsa na hagu saboda wata maganar banza da ya yaɓa wa ƙanwar wani. Sunansa Alphonse Capone. A ranar nan ba wanda ya san da zamansa sai iyayen gidansa na daba da 'yan sandan unguwa. Shekara goma bayan haka, a watan Maris na 1930, hotonsa ne a bangon mujallar Time yana murmushi, baƙin da suka zo Shikago yawon buɗe ido kuma suna biyan kuɗi a zagaya da su a bas a nuna musu otal ɗin da yake zaune.

Wanda duk ya san ɓarnar giya ba zai zargi niyyar waɗanda suka nemi dokar ba. Ɓarnar gaskiya ce. A biranen Amurka na ƙarni na 19, lebura zai karɓi albashin mako ranar Asabar, ya zarce mashaya, ya koma gida aljihu wayam, ya huce a kan matarsa da 'ya'yansa. Mace a lokacin ba ta da ƙuri'a, kuma da wuya ta iya raba auren. Shi ya sa mata suka zama ƙashin bayan gwagwarmayar, suka kafa ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shaye-shaye a 1874. A 1893 aka kafa wata ƙungiyar a jihar Ohio mai suna Anti-Saloon League, wadda lauyanta Wayne Wheeler ya gano sirrin siyasar ƙasar: ba ruwansa da jam'iyyarka, ba ruwansa ma ko kai kanka kana sha. In za ka jefa ƙuri'a a majalisa don hana giya, coci-coci za su mara maka baya. In ka ƙi, su kayar da kai a zaɓe mai zuwa. Wannan dabara ta ci nasara, amma a cikinta ne ƙwayar cutar take, domin ta cika majalisu da mutanen da suke hana giya da rana su sha ta da dare.

Abu biyu suka share wa dokar hanya. A 1913 aka halatta wa gwamnatin tarayya karɓar harajin kuɗin shiga, alhali a da kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da take samu daga harajin barasa yake fitowa. Sai kuma Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya sa aka tsani duk abin da ya shafi Jamus, ga shi manyan kamfanonin giya irin su Pabst da Schlitz da Busch duk na Jamusawan asali ne. A Janairu 1919 jihohi suka amince da gyara na 18 ga kundin tsarin mulki. A Oktoban shekarar majalisa ta zartar da dokar Volstead da za ta aiwatar da shi. Shugaba Woodrow Wilson ya ƙi amincewa, majalisa ta yi amfani da rinjayenta ta tsallake shi.

Dokar ta haramta yin barasa, da sayar da ita, da safararta, da shigo da ita ƙasa. Ba ta haramta sha ba, ba ta kuma hukunta mai saye ba. Mai kuɗi da ya cika ɗakin ajiyar gidansa da kwalabe kafin ranar 17 ga Janairu yana da damar ya sha abinsa har ya ƙare. Likita yana iya rubuta wa mutum kusan rabin lita na wuski duk kwana 10 da sunan magani. An bar giyar ibada ga coci da majami'un Yahudawa. Masana'antu kuma suna ci gaba da samun barasar yin fenti da turare da magunguna. Sannan aka ɗauki jami'ai kimanin 1,500 kacal, da ɗan albashin da bai taka kara ya karya ba, aka ce su tsare ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, mai dubban mila-milai na gaɓar teku da iyaka da Kanada da Meziko.

Daga daba zuwa kamfani

Kafin 1920 akwai 'yan daba a Shikago, kuma ba ƙanana ba. Sai dai kowane gungu a unguwarsa yake, yana rayuwa da caca da gidajen karuwai da ƙwace. Ɗan siyasar unguwa shi ne ubangida: shi ke ba su kariya, su kuma su yi masa aikin ranar zaɓe. Kasuwar barasa ta juya wannan tsari gaba ɗaya. Ba sana'ar da mutum biyar da wuƙaƙe za su iya ba ce. Tana buƙatar masana'antar dafa giya, da rumbunan ajiya, da manyan motoci da direbobi, da masu rakiyar kaya da bindiga, da akawu mai riƙe lissafi, da lauya, da abokin hulɗa a Detroit wanda zai tsallako da wuskin Kanada ta kogi, da wani a gaɓar New Jersey mai jiran jiragen ruwa daga Bahamas. Wanda ya fi iya tsari shi ke ci. Kuma da yake kasuwar haramtacciya ce, ba kotun da za ka kai ƙarar wanda ya cinye maka kuɗi ko ya tare motarka a hanya. Bindiga ce alƙali.

Wanda ya fara ganin wannan a Shikago shi ne Johnny Torrio, wani ɗan gajeren mutum mai sanyin murya, wanda ba ya shan giya, kuma yakan koma gida wajen matarsa da yamma kamar kowane ma'aikacin ofis. Shi ya kawo Capone daga New York. Ubangidan Torrio, Big Jim Colosimo, mai gidajen karuwai da babban gidan abinci, bai nuna sha'awar sabuwar kasuwar ba. Ranar 11 ga Mayu, 1920, aka tsinci gawar Colosimo a zauren gidan abincinsa da harsashi a kai. Ba a hukunta kowa ba. Torrio ya gaje shi, ya sayi masana'antun giya da aka rufe ta hannun wasu, ya tara shugabannin gungu-gungu ya raba musu birnin: kowa ya sayar a yankinsa, kowa ya ci, ba faɗa.

Kuɗin da suka shigo sun fi ƙarfin duk wani albashin gwamnati. Shugaban 'yan sandan Shikago na farkon shekarun, Charles Fitzmorris, da bakinsa ya ce kashi 60 cikin 100 na 'yan sandansa suna cikin harkar fasa-ƙwaurin barasa. A unguwar Italiyawa, 'yan gidan Genna sun raba wa ɗaruruwan iyalai tukwanen dafa barasa, suna biyan magidanci dala 15 a rana don kawai ya zauna ya kula da wuta. Wannan ya ninka abin da lebura ke samu da guminsa sau da yawa. Ka tuna da waɗannan iyalai idan muka zo maganar dalilin da ya sa unguwa take rufa wa mai laifi asiri.

A 1923 aka zaɓi William Dever magajin garin Shikago, mutum mai gaskiya da ya ɗauki dokar da muhimmanci, ya rufe dubban mashayun ɓoye. Torrio da Capone ba su ja da shi ba, sai suka koma Cicero, wani ƙaramin gari da ke manne da Shikago ta yamma. Ranar zaɓen garin, 1 ga Afrilu, 1924, yaransu suka mamaye rumfunan zaɓe da bindigogi, suna duba takardar ƙuri'ar mutum kafin ya jefa, suna sace wakilan 'yan adawa. A ranar 'yan sanda suka harbe Frank, yayan Capone, amma 'yan takararsu suka lashe. Daga nan ɗan siyasa ya koma yaron ɗan daba.

Zaman lafiyar Torrio bai daɗe ba. Dean O'Banion, shugaban gungun arewacin birnin, ɗan asalin Ailan, yana da shagon furanni daura da babbar cocin Holy Name, kuma kusan duk jana'izar 'yan daba daga wajensa ake sayen furanninta. A Mayun 1924 ya sayar wa Torrio kasonsa na masana'antar giya ta Sieben a kan dala 500,000, alhali ya san 'yan sanda za su kai samame a wurin. Aka kama Torrio a samamen. Ranar 10 ga Nuwamba, 1924, O'Banion yana cikin shago yana datse furanni, sai mutum uku suka shigo kamar masu karɓar kayan jana'iza. Ya miƙa hannu su gaisa. Na tsakiya ya riƙe hannun gam ya ƙi saki, sauran biyun suka zuba masa harsashi shida. An binne shi a akwatin dala 10,000, da motoci cike da furanni, dubban mutane suka cika tituna, wasu har bisa rufin gidaje. A Janairu 1925 mutanen O'Banion suka harbi Torrio a ƙofar gidansa. Ya sha da ƙyar, ya miƙa wa Capone ragamar komai, daga baya ya tafi Italiya. Capone yana ɗan shekara 26.

Shekaru huɗu da suka biyo baya jini ne. A Satumba 1926 jerin motoci suka bi ta gaban otal ɗin Hawthorne a Cicero da tsakar rana suna ɓarin wuta da mashinga ƙirar Thompson, Capone na kwance a ƙasa cikin gidan abinci. Bayan mako uku aka kashe Hymie Weiss, magajin O'Banion, a gaban cocin Holy Name. Hukumar yaƙi da laifuka ta Shikago ta ƙidaya kisan 'yan daba kimanin 700 a tsawon shekarun dokar, kuma waɗanda kotu ta hukunta a kansu ba su cika cikin cokali ba. A 1927 Big Bill Thompson ya dawo kujerar magajin gari da alkawarin sakar wa mashayu mara, Capone kuwa ya zuba masa kuɗin yaƙin neman zaɓe. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne cewa a wannan shekara kimanin dala miliyan 100 suka shiga hannun gungun Capone, fiye da rabi daga barasa. Da Thompson ya mutu a 1944, an tarar da sama da dala miliyan ɗaya da rabi a akwatunan ajiyarsa na banki.

Me ya sa aka so shi?

Nan ne ainihin abin da ya kamata a tsaya a kai, domin ba Capone ne ɗan ta'adda na farko a Amurka ba, amma kafinsa ba a saba ganin jama'a suna yi wa irinsa tafi a filin ƙwallo ba.

Ɗan fashi yana da wanda ya zalunta, kuma wanda aka yi wa fashin shi zai ruga wajen 'yan sanda. Mai fasa-ƙwaurin barasa kuwa abokin ciniki gare shi. Lauya, malamin jami'a, ɗan jarida, ma'aikacin banki, duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofar mashayar ɓoye aka leƙo shi ta ɗan rami aka buɗe masa, ya zama mai hannu a cikin sirrin. A New York kaɗai, kwamishinan 'yan sanda ya ƙiyasta irin waɗannan mashayu 32,000 a 1929. Miliyoyin mutanen da a da suke ganin ɗan sanda su ji sanyi a rai sai suka koma suna ganinsa su ɓoye kwalba. Capone ya fahimci haka sarai. Yakan gaya wa 'yan jarida cewa shi ɗan kasuwa ne mai biyan buƙatar jama'a. Idan shi ya sayar da barasa a ce masa mai fasa-ƙwauri, amma idan attajiran unguwar Lake Shore Drive suka ɗora ta a faifan azurfa suka miƙa wa baƙi, sai a ce karamci ne.

Maganar mai laifi ce yana wanke kansa, amma ta shiga kunnen mutane saboda manyan ƙasa sun gaskata ta da aikinsu. Shugaba Warren Harding, wanda ya goyi bayan dokar lokacin yana sanata, ana zuba wuski a wajen wasan kartarsa a Fadar White House. Wani mutum mai suna George Cassiday ya shafe kusan shekara 10 yana kai wa 'yan majalisar tarayya barasa har ofisoshinsu, kuma a Oktoba 1930 ya tona asirin a jaridar Washington Post, ya ce mafi yawansu suna sha. A ɗaya gefen, a jihar Michigan, wata mata mai 'ya'ya goma, Etta Mae Miller, an yanke mata ɗaurin rai da rai saboda an kama ta karo na huɗu tana sayar da 'yar barasa. A 1929 majalisa ta ƙara hukuncin laifin farko zuwa shekara 5 da tarar dala 10,000. Talaka yana kallon duk wannan. A ganina wannan munafuncin, fiye da duk wata kyautar da Capone ya yi, shi ya ɗaga shi. Idan mai doka ya zama maƙaryaci a idon jama'a, mai karya doka da bai ɓoye sana'arsa ba sai ya fara kama da mai gaskiya.

Akwai kuma batun asali. Dokar ta samu ƙarfinta ne daga ƙauyuka da ƙananan garuruwa na Furotesta, ta sauka a kan biranen baƙin haure: Italiyawa, 'yan Ailan, 'yan Poland, Jamusawa, Yahudawa. Ƙungiyar Ku Klux Klan, mai ƙin baƙaƙe da Katolika da Yahudawa, tana cikin masu goyon bayanta da zafi, har ta riƙa kai samame gidajen mutane a kudancin jihar Illinois. A 1924 kuma aka yi dokar da ta kusan toshe ƙofar shigowar Italiyawa. Yaron da aka raina ubansa a masana'anta, aka ce masa ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, sai ya ga ɗan mai aski irinsa cikin kwat ɗin alharini da zoben lu'ulu'u, a cikin Cadillac mai sulke, alƙalai suna gaishe shi. Ba sai an gaya maka abin da zai ji a ransa ba.

Jaridu sun yi nasu. Torrio yana gudun kyamara, Capone yana nemanta. Yana kiran 'yan jarida ɗakinsa a otal ɗin Metropole, daga baya Lexington, ya ba su magana mai daɗin bugawa, ya yi zancen mahaifiyarsa da ɗansa tilo. Wasu ba magana kaɗai suke karɓa ba. Da aka harbe Jake Lingle, wakilin Chicago Tribune, a watan Yuni 1930, jaridar ta fara yi masa kirarin shahidin aikin jarida. Cikin 'yan kwanaki aka gano cewa mai albashin dala 65 a mako yana rayuwar attajirai, kuma yana sanye da bel mai kan lu'ulu'u irin wanda Capone ke rabawa abokansa.

Abin da ya fi nuna lalacewar hukuma shi ne abin da ya faru a 1928. Zaɓen fid da gwani na Afrilun shekarar an yi shi ne cikin tashin bama-bamai kusan 60, kuma a ranar zaɓen aka bi Octavius Granady, wani lauya baƙar fata da ya tsaya takara, aka harbe shi a titi. Da babban zaɓen Nuwamba ya matso, Frank Loesch, dattijon da ke shugabantar hukumar yaƙi da laifuka ta birnin, ya taka da ƙafarsa zuwa otal ɗin Lexington ya roƙi Capone ya bari a yi zaɓe lafiya. Capone ya amsa, aka kuma yi zaɓen lami lafiya. Wato mutumin da aikinsa shi ne yaƙar laifi ya san inda iko yake.

Sai karyewar kasuwar hannun jari ta Oktoba 1929, bankuna suka durƙushe da ajiyar mutane, masana'antu suka sallami ma'aikata. A Nuwamba 1930 Capone ya buɗe wani gidan ciyarwa a lamba 935 titin South State, da allo a ƙofa mai cewa miya da kofi da cincin ɗin fulawa kyauta ne ga marasa aikin yi. Maza cikin manyan kwat da huluna suna layi har kwanar titi, sau uku a rana, fiye da mutum 2,000 kullum, ba a tambayar sunanka, ba a yi maka wa'azi kafin a ba ka. Gwamnatin Herbert Hoover a lokacin tana cewa ciyar da mayunwata ba aikin tarayya ba ne. Wanda ya kwana biyu bai ci ba, ba zai tambayi inda kuɗin miyar ya fito ba, kuma ba na ganin laifinsa. Amma a duba lokacin: a Afrilun wannan shekarar aka samu Ralph, yayan Capone, da laifin ƙin biyan haraji, a ƙarshenta ma'ajinsa Jake Guzik da na hannun damansa Frank Nitti suka bi sahu. Wuta ta kusa kai wa gemunsa, yana neman farin jini. Bayan 'yan watanni aka rufe gidan.

Abin da tafin ya rufe

Ana yawan cewa su-da-su suke kashe juna. Ba haka ba ne. Granady ba ɗan daba ba ne. William McSwiggin, mai gabatar da ƙara na gwamnati, an harbe shi a Cicero a Afrilu 1926, ba a hukunta kowa ba. Joe E. Lewis, mai nishaɗantarwa a wani kulob, ya bar wurin aikinsa ya koma wani a 1927, sai aka bi shi ɗakinsa aka yanka masa fuska da harshe. Masu wanki da guga, masu gidan burodi, direbobi, duk suna biyan kuɗin kariya, wanda ya ƙi a dasa masa bam a shago.

Waɗanda suka fi mutuwa ma ba harsashi ne ya kashe su ba. Mai kuɗi yana shan wuskin Kanada na gaske, talaka yana shan barasar masana'anta da aka sato aka tace sama-sama. Gwamnati ta san ana satar, sai ta umarci a ƙara guba a cikinta, musamman daga ƙarshen 1926, don a tsorata masu sha. Babban likitan binciken gawa na New York, Charles Norris, ya fito fili ya ce gwamnati ce ke da alhakin gawawwakin da ake kawo masa. Ana ƙiyasta waɗanda gurɓatacciyar barasa ta kashe a tsawon dokar sun kai 10,000. A 1930 wani ruwan citta da talakawa ke saye a kantin magani don buguwa, wanda aka gauraya da sinadarin masana'anta, ya shanye ƙafafun dubban mutane.

Ranar 14 ga Fabrairu, 1929, da safe, mutum bakwai suna cikin wani gareji a lamba 2122 titin North Clark. Mutum huɗu suka shigo, biyu cikin kakin 'yan sanda. Mutanen garejin sun saba da samame, wanda yakan ƙare da ɗan na goro, don haka da aka ce su fuskanci bango su ɗaga hannu, ba wanda ya yi gardama. Aka buɗe musu wuta ta baya. Biyar yaran Bugs Moran ne, wanda a lokacin ke riƙe da gungun O'Banion, na shida bakanike ne mai suna John May wanda karensa ke ɗaure a jikin mota yana kuka, na bakwai mai gwajin tabarau ne da ke sha'awar zama da 'yan daba. Moran da aka zo nema ya makara, ya tsira. Frank Gusenberg ya yi 'yan sa'o'i da rai da harsashi 14 a jiki, 'yan sanda suka tambaye shi wa ya harbe shi, ya ƙi faɗa. Capone yana gidansa na Florida a ranar, kuma har yau ba a hukunta kowa ba. Hotunan gawawwakin a jaridu suka fara sauya zukata. Attajiran Shikago suka kai kuka wajen Hoover.

Ba kisa ne ya kai shi kurkuku ba, ba kuma barasa ba. Eliot Ness, jami'in gwamnatin tarayya mai aiwatar da dokar hana giya, da mutanensa sun fasa masa masana'antu sun rage masa kuɗi, amma aikin da ya kayar da shi na masu lissafi ne. A 1927 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin haram ma ana biya musu haraji. Jami'in haraji Frank Wilson ya tono wani littafin lissafi na gidan caca da aka ƙwace a Cicero tun 1926, ya bi rubutun hannun har ya gano akawun, Leslie Shumway, a Florida. Aka tuhumi Capone da ƙin biyan harajin kimanin dala 215,000. Yaransa sun samu jerin sunayen mutanen da za su taya alƙali yanke hukunci, sun fara bin su da kuɗi da barazana. Ranar da za a fara shari'a, Alƙali James Wilkerson ya musanya su gaba ɗaya da na wata kotun. Ranar 17 ga Oktoba, 1931, aka same shi da laifi, bayan mako guda aka ba shi shekara 11 da tarar dala 50,000. Ya yi zama a Atlanta, aka mayar da shi Alcatraz a 1934, aka sake shi a 1939 ciwon tunjere ya ci ƙwaƙwalwarsa. Ya mutu a Janairu 1947 yana ɗan shekara 48.

Adalci ne a faɗi cewa dokar ba ta tafi a banza ɗungurungum ba. Masana tattalin arziki sun ƙiyasta cewa a farkonta shan barasa ya faɗi zuwa kusan kashi 30 cikin 100 na yadda yake a da, kafin ya sake hawa zuwa kashi 60 ko 70, kuma mace-macen ciwon hanta sun ragu. Iyalai da yawa sun ga amfaninta. Matsalar ita ce an rubuta ta a takarda kafin ta zauna a zukatan rabin mutanen ƙasar, har da waɗanda suka rubuta ta. Musulmi mai karanta wannan tarihi dole ya tuna yadda haramcin giya ya sauka a Madina daki-daki: aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, aka hana kusantar salla cikin maye, sannan haramci ya zo, mutane suka zubar da tulunansu a titi da hannunsu. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ce da a ce abin da ya fara sauka shi ne kada ku sha giya, da mutane sun ce ba za su taɓa barinta ba. Amurka ta fara ne daga matakin ƙarshe, ta kuma damƙa aiwatarwar a hannun mashaya.

Yunwar kuɗin haraji da ta ayyukan yi ce ta ƙarasa dokar. Mata ma sun juya mata baya: Pauline Sabin, wadda a da take goyon bayanta, ta kafa ƙungiyar mata masu neman a soke ta a 1929, mambobinta suka haura miliyan. Franklin Roosevelt ya ci zaɓen 1932 da alkawarin sokewa, a Afrilu 1933 aka halatta giya mai sauƙi, ranar 5 ga Disamba, 1933, jihar Utah ta cika adadin jihohi 36 da ake buƙata, gyara na 21 ya shafe na 18.

Gungun da barasa ta gina bai rushe da ita ba. Tun a Mayun 1929 shugabanninsu daga Shikago da New York da Philadelphia da wasu birane suka yi taro a Atlantic City, a 1931 kuma Lucky Luciano, wani babban ɗan daba na New York, ya kafa majalisar da ke sasanta manyan gidajen Mafiya na ƙasar. Suna da jari, da lauyoyi, da alƙalai da 'yan majalisa a aljihu, sun kuma koyi aiki tare ƙetaren jihohi da ƙabilu. Sai suka karkata ga caca, da bashi da ruwa, da ƙungiyoyin ƙwadago, da miyagun ƙwayoyi. Magadan Capone a Shikago sun kama ƙungiyar ma'aikatan sinima suna tatsar kamfanonin Hollywood, har aka tuhume su a 1943, Nitti ya harbe kansa, Paul Ricca ya samu shekara 10 amma aka sake shi a 1947. Daga baya suka shiga gidajen cacar Las Vegas. Tony Accardo, wanda ya fara a matsayin mai gadin Capone, ya koyi darasin ubangidansa ya guji 'yan jarida, ya riƙe gungun shekaru da dama, ya mutu a 1992 yana ɗan shekara 86 ba tare da ya taɓa yin zaman kurkuku na a-zo-a-gani ba.